Yadda Za A Zaɓi Ƙaramin Injin Batir Na Goshin Jirgi Don Kamun Kifi

Gabatarwa

Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar 2023, kuɗin mai ya zama babban nauyi a wuyan masunta masu jiragen inji a tafkunan Kainji, Jebba, Shiroro da Tiga, da kuma kogunan Neja da Binuwai. Litar man da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen shekarar 2024 kuma ta kai naira 1,000 a wurare da dama. Injin fetur mai ƙarfin doki 15 kuwa yana iya shan wajen lita 6 ko fiye a cikin awa guda idan an sakar masa wuta. Saboda haka duk wata hanya da za ta rage ƙona mai a kan ruwa abin dubawa ce.

Ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi ita ce amfani da ƙaramin inji mai aiki da batir wanda ake ɗaurawa a goshin jirgi. Kayan yana da tsada, daga ƙasashen waje ake shigo da shi, kuma wanda ya saya bisa kuskure zai yi asarar jarin da ya daɗe yana tarawa. Manufar wannan bayani ita ce nuna wa malaman gona da masunta cewa jirgin da ake da shi, da ruwan da ake su a cikinsa, da hanyar cajin batir, su ne za su zaɓi inji. Sai an auna waɗannan kafin a doshi kasuwa.

Mene Ne Wannan Inji?

Injin ya ƙunshi sassa huɗu. Akwai motar lantarki mai kama da kwalba wadda take nutse a cikin ruwa da farfela a jikinta. Akwai doguwar sanda da ke riƙe da ita. Akwai kan inji, inda maɓallan sarrafawa suke. Sannan akwai mazauni, wanda ake ɗaurewa a jikin jirgi, shi ne kuma yake ba da damar sauke injin cikin ruwa ko ɗaga shi a kwantar.

Asalinsa daga Amurka ne. Wani mutum mai suna O. G. Schmidt ya ƙera shi a garin Fargo na jihar Dakota ta Arewa a shekarar 1934, daga nan ne kuma kamfanin Minn Kota ya samo asali. Masu kamun kifi da fatsa a tafkunan ƙasar suka karɓe shi, domin yana ba su damar lallaɓawa su isa inda kifi yake ba tare da ƙara ba, su kuma ja fatsa a bayan jirgi a hankali. Ban da Minn Kota, kamfanonin Garmin da Lowrance sun fito da nasu a shekarar 2019, akwai kuma Haswing na ƙasar Sin wanda ya fi su sauƙin kuɗi.

Wajibi ne a san iyakar ƙarfinsa tun da fari. Mafi girma daga cikin masu aiki da batir ɗaya yana jan wuta kimanin wat 600, alhali ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne. Wato bai kai ko doki ɗaya ba. Gudunsa a jirgi mai kaya ba ya wuce kilomita 5 zuwa 7 a awa. Aikinsa shi ne maye gurbin filafili da sandar tuƙi a wurin da ake su, ba maye gurbin injin fetur a doguwar tafiya ba.

Wa Ya Dace Ya Saya?

Injin zai amfani masuncin da wurin sunsa bai wuce kilomita 2 zuwa 3 daga mashigi ba, da mai bin layin mamari ko kalli yana dubawa, da mai zagaya gura, da mai kai abinci ga kifin da ake kiwo cikin keji a tafki. Haka kuma zai amfani mai injin fetur wanda ke son ya kashe babban inji da zarar ya isa wurin su, ya ci gaba da zagayensa da batir. Masu farautar giwan ruwa da tsage da fatsa su ne suka fi kowa morarsa, saboda rashin ƙararsa.

Bai dace da jirgin fito mai ɗaukar mutane da kaya zuwa kasuwa ba. Bai kuma dace a dogara da shi kaɗai wajen tsallaka tsakiyar tafkin Kainji ba, wanda faɗinsa ya haura kilomita 20 a wasu wurare, domin idan hadari ya taso a farkon damina injin ba zai iya tsere wa iska ba. Haka nan a tsakiyar kogi lokacin cikar ruwa, ko a ƙasan madatsa idan an saki ruwa, gudun ruwan na iya fin ƙarfin injin.

Goshi Ko Baya?

Duk wanda ya taɓa jan doguwar gora a cikin ruwa ya san cewa idan aka kama kanta aka ja, miƙewa take yi ta biyo mutum, idan kuwa aka tura ta daga gindi sai kan ya riƙa karkacewa. Haka jirgi yake. Injin da ke goshi jan jirgin yake yi, don haka goshin yana bin duk inda aka juya farfela nan take, iska kuma ba ta samun damar kaɗa shi gefe. Wannan shi ne babban amfaninsa ga mai bin layin ƙugiya ko mai son tsayawa a wuri ɗaya yana fuskantar iska.

Amma an ƙera mazauninsa ne don jiragen da ke da shimfiɗaɗɗen dandamali a gaba. Kwale-kwalenmu na katako goshinsa tsini ne da shi, kuma a ɗage yake. Saboda haka sai kafinta ya yi masa dandamali kafin a iya ɗaura injin. Ƙari ga haka, injin goshi mai aiki da batir ɗaya nauyinsa ya kai kilo 14 zuwa 20. A siririn kwale-kwalen da aka sassaƙa daga gungume ɗaya, irin wannan nauyi a can sama na iya sa jirgi ya riƙa tangaɗi. Ga irin wannan jirgi, an fi son ƙaramin inji mai matsewa da hannu, irin wanda ake maƙalawa a baya. Ya fi araha, ya fi sauƙin nauyi, ana kuma iya cire shi a tafi da shi gida. A yawancin irinsa ana iya kwance kan injin a juya shi ya fuskanci ɗaya ɓangaren, sannan a maƙala shi a jikin katakon da aka gitta kusa da goshi, ya yi aikin ja kamar na goshin.

Mataki Na Ɗaya: Ƙarfin Turi

Ba a auna waɗannan injuna da ƙarfin doki. Ana auna su da ƙarfin turin da farfela ke yi, a ma'aunin laba, ana kuma rubuta adadin a jikin inji, kamar 30, 40, 45, 55 ko 80. Laba ɗaya kimanin kilo 0.45 ce. Ƙa'idar da masu ƙera injin suka bayar ita ce a tanadi aƙalla laba 2 ta turi ga kowane kilo 45 na nauyin jirgi da duk abin da ke cikinsa.

Ga misali. A ɗauka kwale-kwalen katako ne da ya sha ruwa, nauyinsa kilo 300. Mutum biyu kilo 140, jiƙaƙƙen kalli da sauran kayan su kilo 60, kifin da ake fatan kamawa kilo 80, inji da batir kilo 50. Jimla kilo 630 ke nan. Idan aka raba 630 gida 45 za a sami 14, a ninka sau 2, ya ba da laba 28. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ake buƙata a ruwa mai kwanciya. Da yake akwai iska da igiyar ruwa da ciyawa, sai a ƙara, a sayi mai laba 40 ko 45. Idan akwai injin fetur da tankinsa a jirgin, mai laba 55 ya fi dacewa.

Kuskuren da ya kamata a guje wa shi ne lissafi da nauyin jirgi ba kaya. Ƙaramin inji a jirgi mai nauyi kullum a ƙarshen ƙarfinsa zai yi ta aiki, ya shanye batir da wuri. A lura kuma, ƙarin laba ba ya ƙara gudu sosai. Abin da yake ƙarawa shi ne ikon riƙe jirgi a gaban iska.

Mataki Na Biyu: Yawan Batura

Ƙarfin turi shi ne ke nuna yawan baturan da za a saya. Injuna masu laba 55 zuwa ƙasa suna aiki da batir ɗaya mai lamba 12V. Masu laba 70 zuwa 80 suna buƙatar 24V, wato batir biyu a jone. Masu laba 100 zuwa sama suna buƙatar 36V, batir uku ke nan. Kowane ƙarin batir ƙarin kuɗi ne, ƙarin nauyi ne, ƙarin wahalar caji ne. Ga yawancin ƙananan jiragen su, shawara ita ce a tsaya a kan mai batir ɗaya. Jirgin da nauyinsa da kaya ya haura tan ɗaya ne kawai ke buƙatar mai batir biyu.

Mataki Na Uku: Tsawon Sanda

Wannan ma'auni yana da muhimmanci ƙwarai, domin ba shi da gyara idan aka yi kuskure. Wajibi ne saman motar ya nutse aƙalla santimita 30 a ƙarƙashin ruwa. Idan bai kai haka ba, farfela za ta riƙa jan iska tana kumfa da ƙara, ƙarfi ya ragu, kifi kuma ya watse.

A sa jirgin a ruwa da kayan da aka saba ɗauka. Mutane su zauna a baya, domin a lokacin ne goshi ya fi ɗagawa. A auna daga inda za a ɗaura mazauni zuwa fuskar ruwa, sannan a ƙara santimita 50. Idan wurin sun yana da igiyar ruwa, a sake ƙara santimita 13. Misali, idan an sami santimita 60, a ƙara 50 ya zama 110, wato kimanin inci 43. Da yake da inci ake sayar da sandunan, kamar 36, 42, 45, 48, 54 da 60, sai a ɗauki mai inci 45, ko mai inci 48 ga buɗaɗɗen tafki. Idan ana shakka tsakanin biyu, a ɗauki doguwar. Akwai zobe a jikin sanda da ake ɗaga ta da shi a rage zurfi, amma gajeriya ba ta da magani.

Mataki Na Huɗu: Hanyar Sarrafawa

Akwai hanyoyi huɗu.

1. Na hannu. Yana da mariƙi da ake juyawa kamar na injin fetur. Shi ne mafi araha, mafi ƙarancin lalacewa, kuma mai gyaran lantarki na gari zai iya duba shi. Aibinsa shi ne yana cinye hannu ɗaya.

2. Na ƙafa. Ana taka wani faifai a juya injin, hannuwa biyu su sami damar aiki. Yana taimaka wa mai fatsa da mai jan mamari. Sai dai faifan yana buƙatar shimfiɗaɗɗen wuri da ruwa ba ya kwanciya. Mai jefa birgi daga goshi kuma ya sani cewa ragar na iya harɗe kan injin.

3. Na rimot. Ana sarrafa shi daga kowane ɓangare na jirgi, don haka mutum ɗaya zai iya zama a tsakiya yana aiki. Yana da ƙarin sassan lantarki da ruwa ke iya lalatawa.

4. Mai aiki da tauraron ɗan'adam. Tun shekarar 2010 Minn Kota ya fito da tsarin i-Pilot, wanda idan aka danna maɓalli injin ke riƙe jirgi a wuri ɗaya da kansa kamar an jefa anga. Wasu kamfanoni ma suna da irinsa. Yana da amfani a ruwa mai zurfi da kuma gefen kejin kifi, amma kuɗinsa ya ninka na sauran, yana cin batir idan akwai iska, gyaransa kuma sai ƙwararru.

Ga masuncin da ke nesa da birni, wanda ya fi sauƙin gyara shi ya fi. A kuma tambayi yadda ake ƙara masa gudu. Mai giya biyar yana ɓarnar wuta a ƙananan giyoyi, domin wani kaso na wutar zafi yake zama. Mai maɓallin da ake murɗawa a hankali daga ƙasa zuwa sama yana jan wutar da ake buƙata ne kawai, don haka batir ya fi daɗewa. Tun da yawancin aikin su a sannu ake yin sa, ƙarin kuɗin wannan nau'i ba asara ba ne.

Mataki Na Biyar: Batir Da Caji

Inji ba ya wuce ƙarfin batirinsa. Kada a yi amfani da batirin tayar da mota, domin an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na ɗan lokaci, idan ana shanye shi kullum zai mutu cikin 'yan watanni. A nemi batir mai jure doguwar zuƙa, irin wanda ake haɗawa da sola ko inbata, mai lamba 100Ah zuwa 110Ah. Wannan lamba tana nuna yawan wutar da batir ke ajiyewa: idan aka raba ta da yawan amfiya da inji ke ja, za a sami adadin awoyin aiki.

Inji mai laba 30 yana jan kimanin amfiya 30 a ƙarshen gudunsa, mai laba 40 zuwa 45 kimanin 42, mai laba 55 kimanin 50. A tafiyar sannu kuwa, abin da ake ja na iya sauka zuwa amfiya 10. Idan masunci mai inji laba 45 ya yi rabin awa a ƙarshen gudu wajen zuwa da dawowa, ya ci 21Ah. Idan ya yi awa 3 yana lallaɓawa, ya ci 30Ah. Jimla 51Ah ke nan a fita ɗaya.

Batirin dalma mai ruwan asid ba a son a shanye fiye da rabinsa, don haka mai 100Ah daidai yake da wannan aiki, babu rara. Nauyinsa kimanin kilo 28 zuwa 30 ne. Batirin litiyam mai alamar LiFePO4 nauyinsa kimanin kilo 12 ne, ana iya shan kusan dukkan wutarsa, yana kuma jure caji sau dubbai, alhali na dalma ɗaruruwa ne. Ya fi tsada a ranar saye, amma ya fi daɗewa, sai dai yana buƙatar caja da ta dace da shi.

Yawancin ƙauyukan masunta ba su da tsayayyar wutar lantarki, saboda haka a warware batun caji kafin a sayi inji. Mayar da 51Ah yana buƙatar allon sola mai wat 200 da na'urar daidaita caji, a cikin yini guda mai rana sosai. Lokacin hazo da tsakiyar damina cajin zai ragu, don haka a riƙa goge ƙura daga allon. Masu fita da dare ko da asuba za su yi caji da rana. Masu fita da rana kuwa suna buƙatar batir biyu, ɗaya a ruwa ɗaya a caji. Ƙungiyar masunta za ta iya kafa wurin caji ɗaya a mashigi don rage wa kowa nauyi.

Girkawa

A yi dandamalin da katako mai ƙwari, kaurinsa aƙalla santimita 3, a ɗaure shi da haƙarƙarin jirgi. A huda a sa ƙusoshi masu noti waɗanda ba sa tsatsa, da wasa a ƙasa, kada a dogara da ƙusar bugawa. Idan an sauke inji, sandar ta kasance da tazarar kimanin santimita 4 daga bakin jirgi. Idan an kwantar da shi, kada kansa ya leƙa waje, don kada ya bugi wani jirgi a mashigi.

A ajiye batir a tsakiyar jirgi, cikin akwati mai murfi da kafar shan iska, a ɗage shi daga ruwan da ke taruwa a ƙasa, a kuma ɗaure shi. Wayar da za ta kai wuta goshi ta zama ta tagulla mai kauri, milimita murabba'i 16 ga tsawon mita 4 zuwa 5. Siririyar waya zafi take yi, ta rage ƙarfin inji, har ta iya kama wuta. A sa makatsin wuta kusa da batir, mai amfiya 50 ga inji laba 30 zuwa 45, mai amfiya 60 ga laba 55.

Kulawa Da Kiyaye Haɗari

1. Zaren raga da na fatsa su ne manyan abokan gabar wannan inji. Suna naɗewa a bayan farfela su yanke robar da ke hana ruwa shiga mota. A riƙa kwance farfela kowane mako ana cire su, bayan an cire wayar batir.

2. A inda burgu, kacala ko kainuwa suka yi yawa, a nemi farfela mai yanke ciyawa. A ruwan da zurfinsa bai kai rabin mita ba, a ɗaga inji a koma ga sandar tuƙi.

3. Tafkunan da aka samar ta hanyar datse kogi suna da kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa. A zaɓi mai sanda mai lanƙwasa ta dawo, a kuma ajiye farfela da ɗan ƙarfen da ke riƙe ta na ko-ta-kwana.

4. A ɗaga inji a kulle shi kafin a tayar da injin fetur.

5. A yi wa batir caji da zarar an dawo, a wuri mai iska, nesa da wuta da taba. Batirin dalma da aka bari ba caji yana lalacewa.

6. Masu su a ruwan gishiri na gaɓar teku su nemi nau'in da aka ƙera don ruwan gishiri, su kuma ɗauraye shi da ruwan daɗi bayan aiki.

7. Kada a bar filafili da rigar kariya daga nutsewa a gida don an sami inji.

8. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta shekarar 1992 ta haramta kama kifi da lantarki, kamar yadda ta haramta guba da nakiya. Batirin inji na tuƙi ne kaɗai.

Kammalawa

Malamin gona da masunci ya zo wa da wannan buƙata ya bi shi zuwa bakin ruwa da ma'auni da takarda. Su rubuta nauyin jirgi da kaya, tsayin goshi daga ruwa, nisan wurin su, awoyin aiki, da inda za a yi caji. Su lissafa litocin man da za a rage a mako, su kwatanta da kuɗin inji, batir, sola, waya da aikin kafinta gaba ɗaya. Su tambayi mai sayarwa ko yana da farfela da maɓallan canji, domin araha ba ta ado idan babu kayan gyara. Inda hali ya yi, ƙungiya ta fara sayen guda ɗaya a gwada shi rani da damina kafin kowa ya zuba kuɗinsa. Idan lissafi ya nuna riba, a sayi wanda ya yi daidai da jirgin. Idan bai nuna ba, gara a sa kuɗin a gyaran jirgi da sabunta kayan su.